Dokta ya san Washinton, bai san Jibiya ba

Daren 11 ga watan Janairu na shekarar 1994, a birnin Dakar, aka sanar da karya darajar kuɗin sefa. Kafin wannan dare tamma guda ta Faransa sefa 50 ce. Da gari ya waye ta zama sefa 100. Shugabannin ƙasashen Afirka da wakilansu ne suka sa hannu, amma kowa ya san waɗanda suka riƙe musu alƙalamin: Michel Camdessus na asusun FMI da Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Ma'aikacin gwamnati da ya kwanta da albashin jika 60 ya tashi da jika 60 ɗinsa cif, sai dai rabin ƙarfinsu wajen sayen kayan waje ya tafi cikin dare. Alhajin da ya ɗauko atamfa ko shinkafa bashi daga ƙetaren teku ya wayi gari bashin ya ninka. Kafin shekarar ta ƙare farashin kaya a kasuwannin Nijar ya hau da kusan kashi ɗaya bisa uku, ko fiye.

A wannan dare Nijar ba ta rasa masu takardar ilimin tattalin arziki ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahaman Usman, shi kansa tattalin arziki da ƙididdiga ya karanta a Faransa da Kanada. Ma'aikatar kuɗi da ta tsare-tsare cike suke da masu manyan takardu. Amma tambayar farko da aka yi a Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram da safiyar 12 ga wata ba ta shafi tammar Faransa ba. Abin da kowa ya tambaya shi ne: yau nawa naira? Ƴan canji suka ba da amsa kafin azahar, domin sana'arsu ke nan. Shekaru fiye da 30 sun wuce, an yaye ɗaruruwan masu mastar da masu doktora, amma har yau idan ana son a san inda kasuwar Nijar ta dosa, gindin inuwar ƴan canji ake zuwa, ana wuce ofishin dokta. Wannan abin kunya ne ga jami'a, asara ce ga baitulmali, kuma hatsari ne ga duk mai jari da duk mai albashi.

Yadda ake ƙera dokta

Yaron da ya gama lisansi cikin shekara 3 yana da hanyoyi a gabansa. Zai iya yin mastar ta shekara 2 a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, ko a jami'ar Tawa, wadda aka ba ta fannin shari'a da tattalin arziki lokacin da aka buɗe jami'o'in jihohi a 2010. Zai iya neman shirin nan na haɗin gwiwar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, PTCI, wanda aka fara a 1994, shekarar karya sefa, mai cibiya a Wagadugu da azuzuwa a birane irin su Dakar da Abijan da Yawunde. Idan sa'arsa ta yi kyau ya samu gurbi a Faransa, musamman a cibiyar CERDI ta Kilermon-Feran, wadda tun 1976 take horar da ma'aikatan kuɗi na ƙasashen Afirka. Babban bankin BCEAO ma yana da makarantarsa a Dakar. Daga nan sai doktora, shekara 3 a takarda, shekara 5 ko 6 a zahiri.

Babu mai hankalin da zai ce abin da ake koyarwa a waɗannan wurare shirme ne. Ana koyon yadda farashi yake tashi da sauka, yadda babban banki yake sarrafa yawan kuɗi a hannun jama'a, yadda bashin ƙasa yake cin ƙasa, da kuma dabarun lissafi na gano ko abu kaza shi ya haddasa abu kaza, ko kuwa tafiya ce kawai ta haɗa su. Ilimi ne mai wuya, kuma yaron da ya ƙware a cikinsa ya cancanci a cire masa hula. Cutar tana wani wuri: a cikin kundin da ake rubutawa a ƙarshen karatu, wanda shi ne gwajin ko malami ya zama malami.

Ga yadda aka saba yi. Ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta, ya buɗe intanet, ya sauke alƙaluman Bankin Duniya na ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, na shekara 25 ko 30. Ya ɗauko wani tsarin lissafi da wani ya riga ya gwada a Latin Amurka ko Asiya, ya zuba alƙaluman a ciki, na'ura ta niƙa, sakamako ya fito. Ya rubuta shafi 300 kan dangantakar kuɗin jari na waje da bunƙasar arziki, ya rufe da shawarar cewa ya kamata gwamnati ta kyautata mulki, ta inganta yanayin kasuwanci. Malamai 5 su sa riguna, a yi tafi, a yanka rago. A cikin wannan kundi Nijar layi ɗaya ce cikin layi 8. Najeriya kuwa ba ta cikin jerin ko kaɗan, domin ba ta cikin UEMOA. An rubuta tarihin gida an manta da maƙwabcin da ake cin abinci da shi kwano ɗaya.

Ƙasar cikin kundi da ƙasar kan iyaka

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1.500, kuma mafi yawan jama'ar ƙasar nan suna zaune a gefenta. Shanun Tawa da Damagaram kudu suke zuwa. Waken Maraɗi kudu yake zuwa. Masara da dawa da kayan masarufi daga kudu suke haurowa. Farashin gero a kasuwar Dole ta Damagaram da Katako ta Yamai yana sauraron kasuwar Dawanau ta Kano fiye da yadda yake sauraron kowane minista. Jibiya da Illela da Maigatari da Mai'aduwa su ne ƙofofin da arzikin ƙasar nan yake shiga da fita, kuma kaso mai yawa na abin da ke ratsa su ba ya shiga littafin duwan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta tana lissafa cewa fiye da rabin arzikin Nijar yana fitowa daga noma da kiwo da sana'o'in da ba su da rajista. Wato alƙaluman da ɗalibi yake saukewa daga Washinton inuwar giwa ce, giwar kanta tana can bakin iyaka.

Duk wata babbar girgiza da ta taɓa aljihun ɗan Nijar cikin shekara 40 da suka wuce, ko dai ta wannan ƙofa ta shigo, ko kuwa a nan aka fi jin zafinta. A 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira, ta yi ta faɗuwa, kayan Najeriya suka yi arha suka cika kasuwanni, ƴan masana'antun Maraɗi da Yamai suka shiga halin ni-ƴasu, mai sayar da dabba ya dawo da takardun kuɗin da ba su da nauyi. A watan Agusta na 2019 Buhari ya rufe iyaka har zuwa Disamba na 2020, kasuwancin fiton kaya daga Kwatano zuwa Gaya zuwa Maraɗi zuwa Katsina ya tsaya cik. A farkon 2023 canjin takardun naira ya janyo ƙarancin kuɗi a hannu, ciniki ya kwanta a kasuwannin dabbobi na ɓangarorin biyu. Ranar 29 ga Mayu na 2023 Tinubu ya janye tallafin mai, a watan Yuni ya saki naira, ƴan ruwa-ruwa na Ƙonni da Maraɗi suka ga sana'arsu ta juye, kuma a watan Maris na 2025 layukan motoci a gidajen mai na Nijar suka nuna wa kowa yawan man fasa-ƙwaurin da ƙasar take sha ba tare da an rubuta ba, duk da matatar SORAZ mai tace ganga dubu 20 a rana tun 2011. Takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu na 2024, ya ƙara koyar da darasin ga wanda bai ji ba.

To, a cikin waɗannan al'amura wanne ne bai isa kundin doktora ba? Kowanne ya isa guda 10. Amma yaron da ya kwashe shekara 8 yana karatun kuɗi da kasuwa, a tsayar da shi a kasuwar Jibiya a ce ya faɗi yadda ake tsayar da canjin naira da sefa a ranar, wa yake bugo waya daga Wapa ta Kano, wa yake ba dillali bashi, nawa ake biya a kowane shinge tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi, sai ya yi zuru. Yana lissafi da kilo da tamma, kasuwa tana lissafi da tiya da dala. Idan mai hatsi ya ce masa tiya dala 150 ce, sai ya ɗauko alƙalami kafin ya gane sefa 750 ake nufi. Ba laifin yaron ba ne. Inda aka nuna masa nan ya duba.

Darasin 2005

Wanda yake ganin wannan magana ta malamai ce kawai, ya tuna 2005. Daminar 2004 ta zo da fari da fara, aka ƙiyasta giɓin hatsi kimanin tan dubu 223. Giɓi ne, amma bai kai kashi 10 bisa 100 na buƙatar ƙasa ba, kuma an sha ganin irinsa. Waɗanda suke lissafi da buhu, noman bana kaza, cin bana kaza, suka ce abin da sauƙi. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne kasuwa. Hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, maimakon ya hauro sai ya riƙa gangarawa. Maƙwabta suka hana fitar da nasu. Buhun gero ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, farashin dabba kuma ya faɗi, makiyayi ya sayar da akuya 2 ko 3 kafin ya samu abin da akuya guda take saya masa a da. Geron yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Kuma cikin wuraren da abin ya fi tsanani ga yara har da jihar Maraɗi, rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a wannan shekara.

A cikin wannan hali ne dokar kasafin kuɗi ta Janairu 2005 ta ɗora harajin TVA na kashi 19 bisa 100 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, har sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin Nuhu Arzika ya rufe birane a watan Maris, gwamnati ta ja da baya a Afrilu. A cikin wannan hali ne aka yi ta jan ƙafa wajen rabon abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa. A cikin wannan hali ne shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa. Waɗanda suka tsara harajin da waɗanda suka ba da shawarar jan ƙafar ba jahilai ba ne. Masu manyan takardu ne, na gida da na waje.

Abin takaici, ilimin da zai hana wannan kuskure yana cikin littattafan da ake karantawa a mastar. Amartya Sen, ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, ya nuna tun 1981 cewa yunwa tana iya kashe mutane alhali abinci yana jibge a kasuwa, idan abin da talaka yake sayarwa, ƙarfinsa ko dabbarsa, ya daina isa ya saya masa hatsi. Har yunwar Sahel ta shekarun 1970 ya bincika. An karanta shi, an ci jarrabawa da shi. Amma sanin magani daban, gane cutar a jikin majinyaci daban. Wanda bai taɓa bin buhun gero daga Dawanau zuwa Dakoro ba, ba zai ga Sen a kasuwar Sabon Mashi ba ko da ya haddace littafin.

Baƙi suka zo suka rubuta

Ga wani abin da ya kamata ya hana shugabannin jami'a barci. Littafin da duniya ta sani kan Alhazan Maraɗi, yadda suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa fiton kaya, yadda dangantakar ubangida da bara take tafiyar da jari, Bafaranshe ne ya rubuta shi, Emmanuel Grégoire, a 1986. Binciken da ake ambato kan tasirin naira a kuɗin Nijar a farkon shekarun 1990 na Jean-Paul Azam ne, shi ma Bafaranshe. Wata Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta yi doktoranta a jami'ar Kalifoniya kan kasuwannin hatsin Nijar: ta ɗauki farashin da hukumar SIMA take tattarawa a kasuwanni, ta zauna da ƴan kasuwa, ta nuna cewa shigowar wayar salula daga 2001 zuwa 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 bisa 100. Daga baya ita da abokan aikinta suka nuna cewa inda Bahaushe yake ciniki da Bahaushe a ɓangarorin iyaka biyu, iyakar ba ta cika raba farashi ba. Kowane dillali ya san haka; ita ta auna shi, ta kai shi manyan mujallun duniya, ta zama farfesa da shi.

Ba hassada ake yi musu ba, sun yi aiki sun ci lada. Kuma akwai malamai ƴan ƙasa da suka yi bincike na ƙwarai kan iyaka da hatsi, sau da yawa da kuɗin aljihunsu. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta tura masu bincike ofisoshin duwan da asibitoci da kotuna, suka zauna suka saurara, sai dai galibinsu masana zamantakewa ne. Abin da waɗannan ayyuka suke shaidawa shi ne kasuwar Nijar ta isa ta ba mutum suna a duniya. Mutumin da ya taso daga Amurka, ba ya jin Hausa sai da tafinta, ya gani; ɗan Tasawa da ya tashi a rumfar ubansa aka koya masa cewa wannan ba ilimi ba ne.

Laifin na wa?

Na gwamnati ne da farko, kowace gwamnati, ta farar hula da ta soja. Ƙasar da ba ta ware kuɗin bincike ba, ta bar wa wasu zaɓen tambayoyin da ƴaƴanta za su amsa. Sauke alƙaluma daga intanet kyauta ne. Zama wata 6 a Illela da Maigatari yana son kuɗin mota da na masauki da na masu tambaya. Ɗalibin da tallafin karatunsa yake makara watanni ba zai zaɓi hanya mai tsada ba. Kuma wannan tsohuwar cuta ce. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibu, ɗalibai 3 suka faɗi a gadar Kennedy suna adawa da shirin gyaran ilimi da Bankin Duniya ya goya wa baya, lokacin da ra'ayin masu ba da bashi shi ne ƙasa matalauciya ta rage kashe kuɗi a jami'a. Shekarun da suka biyo baya na bashin albashi ne da farar shekara. Jami'ar da aka bar ta da yunwa, duk wanda ya miƙo mata tuwo shi zai zaɓar mata miya.

Na biyu, tsarin ƙarin girma. Malamin jami'a yana hawa matsayi ta hannun hukumar CAMES mai cibiya a Wagadugu, da yawan maƙalolin da ya buga, da kuma gasar zama farfesa da ake yi duk shekara 2. Maƙala daga alƙaluman intanet tana kammaluwa cikin wata 3; ta kasuwa tana cin shekara 2. Malami yana da iyali, ya san wadda zai zaɓa, kuma abin da ya yi shi zai sa ɗalibinsa ya yi.

Na uku, furoje. Da zarar dokta ya fito, ƙungiyoyin agaji da bankunan waje suna jiransa da aikin kwana 20 wanda kuɗinsa ya fi albashin wata 3. Su suke rubuta tambaya, sau da yawa har amsar da suke so tana leƙowa daga cikin tambayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rahoton ya tafi Washinton ko Burusel, kwafi ɗaya ya kwanta a durowar minista, ɗalibai kuma suna zaune a aji suna jiran malamin da ya tafi taron ƙara wa juna sani a otel.

Na huɗu, kuma a nan maganar za ta yi wa wasu ɗaci, laifin Alhaji ne. Ɗan kasuwar da yake dariyar dokta, yana cewa wane ne shi, bai taɓa sayar da ko allura ba, shi ne kuma idan ɗalibi ya zo rumfarsa da takarda sai ya ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu haraji, ya ba shi lissafin ƙarya ya sallame shi. Alhazai sun gina masallatai, sun kai dubban mutane Makka, Allah ya saka musu. Amma jarin da yake tafiyar da manyan motoci 50 ya isa ya ɗauki nauyin ɗalibi guda na shekara 3. Kuma kada a manta, bankin BDRN da ya durƙushe a 1990 ba dokta kaɗai ya kayar da shi ba. Basussukan manyan mutane da manyan ƴan kasuwa da ba a biya ba suna cikin abin da ya karya shi. Sanin kasuwa na gado yana da iyaka: yana gaya wa mutum farashin gobe, ba ya gaya masa abin da sabuwar doka ko sabuwar hanya za ta yi wa sana'arsa nan da shekara 10. Lokacin da ake tsara harajin da zai hau kansa, wanda yake zaune a teburin shi ne wannan dokta da ya kora.

Masu cewa a rufe

Akwai masu cewa tunda haka ne a daina ɓarnar kuɗi, ilimin tattalin arziki na Turawa ne, kishin ƙasa ya isa. Wannan magana ta fi cutar muni. Ƙasar da take tattauna farashin yuraniyom da kamfanonin waje, take rabon ɗanyen man Agadem da kamfanin Sin, take cin bashi a kasuwar kuɗi ta UEMOA da ruwa mai tsada, idan ta je teburi ba ta da mai lissafi, an yanka ta tun kafin ta zauna. Kishin ƙasa ba ya karanta yarjejeniya mai shafi 200. Wuƙar da ba ta da kaifi wasa ta ake yi, ba a jefa ta rijiya.

Wasawar kuwa ba ta fi ƙarfin ƙasar nan ba. Jami'a ta sa doka cewa ba mai kare kundin mastar ko doktora a wannan fanni sai ya tattaro wani ɓangare na alƙalumansa da ƙafarsa, a kasuwa ko gona ko tasha ko ofishin duwan. Gwamnati ta ware wani ɗan kaso daga harajin fiton kaya don wannan aiki, a biya ɗalibi kai tsaye. Majalisar ƴan kasuwa ta fitar da jerin tambayoyin da take son amsarsu kowace shekara, ta ɗauki nauyinsu, a ba ta tabbacin doka cewa abin da aka faɗa wa mai bincike ba zai isa ofishin haraji da sunan mai shi ba. A tura ɗalibai zangon karatu guda a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ko Usman Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Daga Maraɗi zuwa Kano tafiyar yini ce a mota, ba biza ba jirgi, kuma hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 tana zaune a Yamai. Sannan kowane sabon dokta ya taƙaita kundinsa da Hausa ko Zabarmanci, ya tsaya gaban ƴan kasuwa da manoma ya yi bayani na sa'a guda, su yi masa tambayoyi. Wanda ya kasa bayyana bincikensa ga mutanen da ya bincika, a sake duba ko shi ma ya fahimce shi. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kiran a koyar da ƴan Afirka da harsunansu tun a littafinsa na 1964, kuma shi masanin kimiyya ne da ya juya iliminsa ga ranar da take ƙona ƙasarsa. Sa sunansa a bakin ƙofa bai wadatar ba.

Tambayoyi kuwa suna nan jibge. An ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu na 2021: ranar da jirgi ya fara shigowa, me zai faru da masu manyan motoci da ƴan dako da dillalai? Albasar Galmi, nawa ne yake shiga aljihun manomi cikin kuɗin buhun da aka sayar a Abijan ko Akara? Kowane shinge na kan hanya, nawa yake ƙara wa tiyar gero?

Sannan ga babbar tambaya. Nijar ta fice daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso ranar 29 ga Janairu 2025, kuma tun a Fabrairu na 2024 Janar Tiani ya taɓo maganar kuɗin kai. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655,957 tun 1999. Ko a zauna cikinta ko a fita, hukunci ne da zai taɓa kowane albashi da kowane jari. Tarihi yana da misalai iri biyu: Mali ta fita a 1962, ta karya darajar kuɗinta da rabi a 1967, ta dawo a 1984, Muritaniya ta fita a 1973, ba ta dawo ba. Wanne Nijar za ta yi kama da shi ya dogara da abubuwan da ake aunawa: nawa ne nairar da take yawo a kasuwannin kudu, da wane kuɗi Alhazai suke ajiyar dukiyarsu, ina jari zai gudu a makon farko, nawa ne hatsin da dole a sayo daga waje a shekarar fari. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 1994 wasu ne suka yi lissafin a Dakar, ƴan Nijar suka biya. Idan wani dare irin wancan ya sake zuwa, ma'aikaci da ɗan kasuwa suna da haƙƙin su tarar an riga an yi lissafin a gida, kuma wanda ya yi shi ya san hanyar Jibiya.